Tallafin talaka: wasu ƙasashe sun koya daga juna, to ɗan ci-rani a Legas a wane littafi yake?

Ɗan Akoka: Assalamu alaikum jama'ar gida. Admin a yi min afuwa, yau ba cigiyar ɗaki ko sanarwar ɗaurin aure na kawo ba. Jiya da daddare na zauna wani taro ta intanet kusan awa biyu har data ta ƙare tas, masu bincike ne daga Barazil da Gana da Kenya suna ta baje kolin yadda ƙasashensu ke tallafa wa talaka, wa ya koya a wurin wa, me ya yi aiki me ya ƙi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne duk wanda ya buɗe baki sai ya ce gida kaza muka yi wa rajista, gida kaza muke biya. Sai na tuna yaran nan da ke kwana a baranda a Alaba Rago da masu tura kurar ruwa a layinmu, na ce to su waɗannan a wane gida za a rubuta su? A ƙauye an ce ba sa nan, a Legas an ce ba 'yan nan ba ne. Shi ne na ce bari in jefo maganar nan a tattauna.

Baban Amira: Wa alaikumus salam. An yarda, amma don Allah ban da zagin jam'iyya, wancan satin sai da na cire mutum biyu.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Hhhh tallafi? Mu dai a rediyo muke jin sa kamar labarin aljanu, kowa ya san wani da ya san wani da ya gani

Alhaji Mai Tumatir: Ɗana na Akoka sannu da karatu. Ni shekarata talatin da ɗoriya a Ikko, da kwando na fara a Mile 12 ina dako, ba wanda ya taɓa ba ni sisi. In ka saba wa mutum da miƙa hannu duk wata to ka kashe masa zuciya. A sauke kuɗin mai, a gyara hanya motar tumatir ta daina kwana uku daga Kano kaya na ruɓewa, a bar mutane su nema. Wannan raba kuɗin bara ce kawai aka sa mata riga.

Ɗan Akoka: Baba Alhaji ranka ya daɗe, maganar hanya kam ba musu. Amma batun kashe zuciya, ai shi ne abin da aka fi yi wa binciken ƙwaƙwaf a duniyar nan, don ba kai kaɗai ka yi wannan tsoron ba, ministocin kuɗi ma sun yi. Meziko ce ta fara abin da kyau a 1997, shirin Progresa, ana ba uwa kuɗi da sharaɗin yara su je makaranta a kuma kai su asibiti. Dabarar da suka yi ita ce, tunda ba za a iya fara wa kowa lokaci ɗaya ba, sai suka ɗauki ƙauyuka 506, aka yi ƙuri'a, 320 aka fara biyan su, 186 aka ce su jira zuwa gaba, sannan aka sa masu bincike na waje suka riƙa gwada waɗannan da waɗancan. Aka ga yara sun fi zama a makaranta musamman 'yan mata a sakandare, rashin lafiyar ƙananan yara ya ragu, kuma iyayen ba su daina zuwa gona ba. Wannan sakamakon ne ya sa ƙasashe suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Daga baya wasu masana suka haɗa irin wannan gwaji guda bakwai daga ƙasashe daban daban, ba su ga alamar mutane sun rage aiki ba. Wasu kuma a Bankin Duniya a 2014 suka bi diddigin zargin cewa taba da giya ake sha da kuɗin, shi ma bai tabbata ba.

Alhaji Mai Tumatir: Meziko ba Najeriya ba ce ɗana. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Maman Walid: Slm. Baba Alhaji ka yi haƙuri in sa baki, ni ba Meziko zan kai ka ba, Jigawa zan kai ka. Ƙanwata da ke ƙauye tana cikin matan da aka riƙa ba 3,500 duk wata tun tana da ciki har yaron ya shekara biyu, wancan shirin da aka yi a Jigawa da Zamfara da kuɗin Ingila, daga baya ma aka mayar da shi 4,000. Na je gida lokacin na gani da idona. Ranar da kuɗin ya zo ba atamfa ta saya ba, ƙwai ne da wake da ɗan busasshen kifi da man gyaɗa, sai ta ware 500 ta zuba adashi, da ta kwashi adashin ta sayi 'yar akuya, akuyar nan ta haihu ta sake haihuwa, yau maganar da nake maka da kuɗin 'ya'yan akuyar ta sayi injin markaɗe. Mijinta kuma ko kwana ɗaya bai fasa zuwa gona ba, 3,500 ɗin me za ta hana mutum noma fisabilillahi. Yaron da ta goya a lokacin ya fi yayyensa jiki nesa ba kusa ba, kowa a gidan ya shaida

Anti Nas: Maman Walid kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, in yaro ya tsumbure a nan to da wuya ya rama, har ƙwaƙwalwa abin ke taɓawa. Kuma wancan shirin an bi shi da bincike an ga tsumburewar yara ta ragu a inda aka biya. Amma ni inda nake da ja shi ne sharaɗi. Ka ce wa mace sai ta kai yaro awo kafin a biya ta, alhali asibitin garin ma'aikaci ɗaya ne shi ma sai ranar kasuwa yake zuwa, to wa ka hukunta? A Barazil da Meziko akwai makarantar akwai asibitin kafin a ɗora sharaɗin. Mu muna kwaso sharaɗin mu bar asibitin a can.

Ɗan Akoka: Anti gaskiyarki. An ma gwada wannan a Malawi, a yankin Zomba, wasu 'yan mata aka ba su kuɗi da sharaɗin zuwa makaranta wasu aka ba su haka nan. Masu sharaɗi sun fi zama a aji, amma auren wuri da ɗaukar ciki sun fi raguwa a ɓangaren da ba sharaɗi, saboda yarinyar da ta riga ta bar makaranta ita ma ba a yanke mata ba, ita ce kuma ta fi shiga haɗari. Wato kowanne da ribarsa da asararsa. Afirka ta Kudu ita tun 1998 take biyan kuɗin renon yara ga marasa ƙarfi, yara sama da miliyan 12 ke ciki.

Ustaz Oko-Oba: Bismillah. Ina ta karantawa ina murmushi, domin kuna ta zagaya duniya alhali abin yana cikin tarihinmu. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi shi ya kafa diwani, littafin da ake rubuta sunayen mutane da abin da za a ba kowa daga baitulmali. An rawaito cewa wani dare yana zagaye sai ya ji jariri na ta tsala kuka, ya yi wa uwar magana har sau uku, sai ta ce ai yaye shi take son yi da ƙarfi, saboda Umar ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi, ba ta san da shi take magana ba. Da asuba ya yi sallah kuka ya ci ƙarfinsa, ya sa aka yi shela cewa kada a gaggauta yaye yara, duk abin da aka haifa yana da kasonsa. To Anti Nas kin ga sharaɗin da ya cutar, kuma shugaba ya gano da kansa don ya fita da ƙafarsa ya ji. Alhaji kuma, da ba wa mabuƙaci kashe zuciya ne da ba a wajabta maka zakka ba.

Alhaji Mai Tumatir: Allah gafarta Malam zakka daban. Ni na san wanda nake ba wa, na san gidansa na san halinsa. Gwamnati ta san wa?

Baban Amira: Tambayar Alhaji ta yi ma'ana fa. Ɗan Akoka amsa.

Ɗan Akoka: Ai Baba ya kai mu inda nake son zuwa tun farko. Mutane in an ce Barazil sai su ce Bolsa Família, shirin da shugabansu Lula ya ƙaddamar a Oktoban 2003 ya haɗe ƙananan shirye-shirye huɗu wuri ɗaya. Amma ƙashin bayan abin ba shi ba ne, rajistar ce, Cadastro Único, wadda aka fara tun 2001. Littafi ɗaya ne na marasa ƙarfi a ƙasa baki ɗaya, kowace ƙaramar hukuma tana da wurin da za ka taka da ƙafarka ka ce a rubuta ni, ko ka ce an yi min haihuwa, ko na tashi daga garin nan na koma wancan, kuma dole ka sabunta bayananka aƙalla duk shekara biyu. Kuɗin ta kati yake zuwa daga bankin gwamnati, yawanci da sunan matar gida, ba wani kansila da zai tsaya a tsakani da jaka. Shekaru da dama suna biyan gidaje wajen miliyan 14 da abin da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin ƙasar ba. Gana da za ta fara nata shirin LEAP a 2008 jami'an Barazil sun taimaka wajen tsara shi, an ma kafa cibiya guda a birnin Brasilia a 2004 da aikinta kenan, haɗa ƙasashe masu tasowa su koyi da juna ba sai an je Turai ba. Ciyar da ɗalibai ma haka, dokarsu ta 2009 ta ce aƙalla kashi 30 na kuɗin abincin makaranta a wurin ƙananan manoma za a kashe shi.

Tsohon Ɗan Acaɓa: To mu namu jami'an ba sa zuwa kallon ne? ko kuɗin tafiya kawai ake ci a dawo da tsaraba

Ɗan Akoka: Hhh ana zuwa mana. Kuma in za a yi adalci ba a zauna haka nan ba. Tun 2007 aka yi COPE, shirin ba gidajen talakawa kuɗi. A 2016 aka zo da N-Power da ciyar da 'yan firamare a kan naira 70 kowane yaro da kuma 5,000 duk wata ga gidaje marasa ƙarfi, ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 500, aka ƙara da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Aka kafa rajista ta ƙasa, yadda ake yi kuma shi ne a shiga gari a tara maza daban mata daban matasa daban, a ce ku faɗa mana su wa suka fi kowa talauci a nan, sai a bi gida gida a rubuta. A ƙauye wannan yana da ma'ana don kowa ya san tukunyar kowa. To kawo shi Ijora ko Obalende ka gani. Wa za a tara? Wa zai nuna mai shayin bakin gada?

Maman Walid: Wlh ko a gidan da nake haya ɗaki goma sha huɗu ne, ban san sunan rabinsu ba balle abin da suka ci

Tsohon Ɗan Acaɓa: Bari in ba ku nawa tunda an zo wurin. Lokacin kullen korona a 2020 sati biyar ba fita, mu bakwai a shago ɗaya, garin kwaki muke jiƙawa da sikari in an samu, aka ce ana rabon kayan abinci a unguwa, muka je aka ce layi na masu gida ne da 'yan haya, ku wane gida kuke. Sai ga shi a watan Oktoba an fasa rumbun kayan tallafin korona a Mazamaza kowa ya ga abin da ke ciki a bidiyo. Wannan ya wuce. Yunin 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, mashin ɗina da ban gama biyan kuɗinsa ba ya tafi, na koma dako. Da aka cire tallafin mai a 2023 aka ce za a ba gidaje miliyan 15 dubu 25 sau uku, na ce to bari in gwada sa'ata, na je wani ofis na yi layi tun bakwai na safe har azahar, da na isa gaban tebur matar ta ce kawo takardar wuta ko rasit na haya mai sunanka. Na ce Madam ni a shagon maigidana nake kwana, ta ce to ka koma jiharku a rubuta ka can. Na kira yayana a gida ya ce ai masu rubutun sun zo tun da rani lokacin kana Legas, sun ce wanda ba ya nan ba a sa shi. Shi kenan na zama jemage, ba ni a tsuntsu ba ni a dabba 😂

Anti Nas: Dariya kake amma abin kuka ne wlh. Allah ya musanya maka da mafi alheri.

Ustaz Oko-Oba: Amin. Allah ya mayar da alheri ƙanena.

Ɗan Akoka: Yayana, ka ga labarinka shi ne ainihin abin da ya sa na buɗe maganar. Kuma abin haushin, akwai ƙasashen da suka ci karo da wannan matsalar suka nemo mata hanya, sai dai ba su muke kwaikwayo ba. Indiya tana da 'yan ci-rani fiye da tunaninmu, mutum ya bar Bihar ya tafi Mumbai ko Delhi aikin gini, katin karɓar shinkafa da alkama mai rahusa kuma a da a shagon ƙauyensu kaɗai yake aiki. Daga 2019 suka fara tsarin kati ɗaya ƙasa ɗaya, korona ta ƙara musu azama bayan duniya ta ga leburori suna takawa da ƙafa ɗaruruwan kilomita zuwa gida, zuwa 2022 duk jihohi sun shiga. Yanzu mutum zai dangwala yatsa a shagon gwamnati a garin da yake aiki ya karɓi rabonsa, iyalinsa kuma su karɓi sauran a gida. Haƙƙin yana bin mutum ne duk inda ya sa ƙafa. Ba wai ba ya ba da matsala ba, lebura da yatsunsa suka goge da siminti na'ura kan ƙi gane shi, wani lokacin ba sabis, amma dai an yarda cewa talaka yana tafiya.

Ɗan Tawa: Salamu alaikum, ku gahurta mini ni baƙo ne cikin magana. Ba sai an tai Indiya ba, ga Togo nan kusa, in ka hita Seme ka ratsa Kwatano ka kai. Ina Lome lokacin korona wajen wani ɗan uwa. Watan Afrilu 2020 sunka hiddo wani abu Novissi, ba ohis ba layi, ka latsa *855# a wayarka ko da ƙaramar rakani-kashi ce, ka sa lambar katin zaɓe, in aikinka na hannu ne kuɗi su shigo ma waya. Mata an ba su 12,250 na sefa a wata, maza 10,500, wai don mace ta hi kai kuɗi ga tukunya. Masu kabu-kabu an ba su 20,000. Na ga mai tallan biredi ta samu tana zaune gaban tirenta.

Maman Walid: Kai Togo sun san darajar mata 👏 a gaya wa su Baban Walid

Tsohon Ɗan Acaɓa: Dubu ashirin na sefa ga ɗan acaɓa?? Ashe ƙasa na ɓata

Ɗan Tawa: Hhh tsaya ka ji sauran. Ni ban samu ko dala ba, don katin zaɓe na ɗan ƙasa ne, mu baƙi muna kallo. Kenan ko can akwai jemage. Amma mu a Nijar tun 2010 lokacin yunwa an gwada aika ma mata kuɗi ta waya a ƙauyukan jihar Tawa, wasu a ba su a hannu wasu ta waya, masu bincike sunka ga na waya sun hi cin abinci kala-kala, don ba su ɓata yini wajen tahiya da layi ba kuma kuɗin na shigowa a asirce mace ta hi samun ta cewa.

Ɗan Akoka: Na gode Malam, wannan na Tawa yana cikin binciken da ake yawan kafa hujja da shi, ka ga Hausawa ma an koya daga gare su. A nan ma a Janairun 2021 an ƙaddamar da wata rajistar gaggawa ta talakan birni da ake shiga ta saƙon waya, niyyar ta yi kyau, amma ku da kuke cikin unguwanni ku faɗa min mutum nawa kuka sani da suka shiga.

Baban Amira: Shiru kake ji.

Alhaji Mai Tumatir: To na saurare ku duka, na kuma ji na Maman Walid, akuya ba ta ƙarya, na janye rabin maganata. Amma bari in gaya muku abin da ku 'yan boko ba ku lissafawa. Ka ɗauki biro ka shiga kasuwa ka ce yaran nan su ba ka suna da lambar waya da garinsu da inda suke kwana, rabinsu za su watse kafin ka buɗe littafi. Me ya sa? Don duk lokacin da aka ƙirga mu a garin nan abin da ke biyo baya ko haraji ne ko rusau ko kame. Yaro ya ga an rubuta mashin an zo an kwashe, ya ga an shafa wa rumfa jan fenti an zo da katafila, sai ka ce masa wannan rubutun na alheri ne? Na biyu, kuna magana kamar ba mu da komai. Mu a ɓangarenmu duk motar da aka sauke akwai abin da ake cirewa a sa a asusu, littafin yana hannuna shekara tara. Yaro ya faɗi da kwando ya karye mu ke kai shi wurin ɗori, wani ya rasu mu ke yin likkafani da mota, wanda ya rasa jari a haɗa masa kuɗin mota ya koma gida da mutuncinsa. Watan jiya ma mun sallami mutum uku. Ba Bankin Duniya ba Barazil. In da gaske ake a zo a tambaye mu mana, mu muka san wanda ya kwana da yunwa.

Anti Nas: Baba wannan gaskiya ne kuma Allah ya saka. Amma asusunku na maza ne 'yan kasuwarku. Bazawarar da ke wanke-wanke a Idi-Araba da 'ya'ya huɗu wane asusu take ciki? Kuma asusun kasuwa yana ɗaukar mutum ɗaya in ya faɗi, amma ranar da kowa ya faɗi lokaci ɗaya kamar kulle ko gobara ko ranar da fetur ya tashi daga ƙasa da 200 zuwa kusan 500 cikin kwana biyu, wa zai ɗauki wa?

Ustaz Oko-Oba: Shi ya sa nake cewa a tsara zakka. Pakistan tun 1980 ake cire kashi biyu da rabi daga asusun ajiya na banki ranar ɗaya ga Ramadan, Malesiya kowace jiha da hukumarta. Attajiran Hausawa da ke Legas kaɗai in sun fitar da haƙƙin Allah yadda ya kamata aka tara wuri ɗaya da littafi, ba a raba dubu bibbiyu a ƙofar gida ana turereniya ba, da an ga canji.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Allah gafarta Malam wa zai riƙe jakar? nan ne fa ake rabuwa

Ɗan Akoka: Hhh tambayar kenan ko a gwamnati. Ku tuna Yulin 2023 an fara cewa 8,000 ga gidaje miliyan 12 na wata shida, aka yi ca aka janye, gwamnoni kuma suka fito daga taron majalisar tattalin arziki suka ce ba su yarda da rajistar da ake da ita ba, wato littafin da aka shekara bakwai ana haɗawa. Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai aka tsayar da shirye-shiryen gaba ɗaya na wani lokaci, daga baya aka ce sai mai lambar NIN da asusu za a biya. Kwatanta da Indonesiya a 2005, a watan Oktoban da suka ƙara kuɗin mai a watan aka fara biyan talakawa ta gidan waya, ba a bari sai da wuta ta ci gari ba. Kuma kar ku ɗauka can siyasa ba ta taɓa abin, Meziko da ta koya wa duniya ta rushe nata shirin a 2019 bayan shekara 22, Barazil ma an canza masa suna a 2021 sai da Lula ya dawo a 2023 ya mayar. Bambancin shi ne rajistar Barazil ba ta mutu ba, duk wanda ya hau a kanta yake aiki, kuma da harajin ƙasarsu suke biya. Mu kuma bayan miliyan 500 an sake karɓo dala miliyan 800, ranar da rance ya ƙare fa? Hukumar ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki da yawa, wannan ba abin da za a riƙe da bashi ba ne.

Maman Walid: Ni dai 25,000 ɗin nan ko ta zo, cikon gas da mudu nawa na shinkafa ne a Legas? Amma da za a ce duk ranar kaza ga wata tana zuwa ba fashi, wlh da na san yadda zan juya ta, ko adashi na shiga da ita. Abin da ya taimaki ƙanwata kenan, ta san ranar. Kuɗin da ba ka san ranar zuwansa ba ba ka iya ƙulla komai a kansa

Alhaji Mai Tumatir: Wannan magana ta 'yar kasuwa ce. Hajiya kin fi ɗan bokon nan iya bayani.

Ɗan Akoka: Na karɓa Baba 😅 Amma ina da roƙo. Littafin nan naka na shekara tara, in ka yarda in zo in zauna da kai mu duba, ba suna zan ɗauka ba, lissafi kawai, mutum nawa aka taimaka a shekara, a kan me, nawa aka kashe, wane wata ne buƙata ta fi yawa. Wata mai zuwa akwai wani zaman kuma an ce kowa zai iya kawo misali daga ƙasarsa, jiya ba wanda ya yi maganar ɗan ci-rani ko sau ɗaya.

Alhaji Mai Tumatir: Sai na shawarci sauran dattawa, ba nawa ba ne ni kaɗai. Kuma ba hoto, ba ɗauka a waya. In sun yarda ka zo ranar Lahadi bayan la'asar lokacin an gama sauke kaya, ka sa takalmin da ba ka so, an yi ruwa kasuwar ta caɓe.

Anti Nas: In za a je a sa da ni, ina so in ga nawa ke tafiya a kuɗin magani, ina zargin shi ne ya fi cin asusun.

Alhaji Mai Tumatir: Kuɗin mota zuwa gida ne ya fi, sai magani. Za ki gani.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Baba ni ma a rubuta ni a littafin mana, ko a shafin baya ne

Alhaji Mai Tumatir: Kai ka fara zuwa ka biya bashin kwando biyu na bara tukuna.

Baban Amira: Hhhh to an kira magariba a nan Agege. Ɗan Akoka ka tura min lambar Anti ta gefe in haɗa ku da yaron Alhaji, shi zai tsaya muku a bakin gada ranar Lahadin.